Turmin Matan Tailan: Abincin Bakin Titi da Ya Zaga Duniya

    

Yau tafiya za mu yi mai nisa, amma ba sai kin nemi mayafi ba. Ki dai matso da rediyonki kusa. In tsintar shinkafa kike yi ki ci gaba da abinki, don ƙasar da za mu je ma, da yawanmu a jikin buhun shinkafa muka fara ganin sunanta. Ƙasar Tailan nake nufi.

Tailan tana kudu maso gabashin nahiyar Asiya, babban birninta Bankok, mutanenta kuma sun kusa miliyan 70. A da Siyam ake ce mata, sai a 1939 aka sauya mata suna. Yawancinsu mabiya addinin Buda ne, amma akwai Musulmi kamar kashi 5 cikin 100, kuma sun fi yawa a kudancin ƙasar, a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat, wajen iyaka da Maleshiya. Shekara da shekaru Tailan ce kan gaba a duniya wajen sayar da shinkafa ga ƙasashen waje, kafin Indiya ta sha gabanta a 2012. Abin da zai ba ki mamaki, turararriyar shinkafar nan da muka sani da 'yar Tailan, su ba ita suke ci ba, don kasuwar waje suke yin ta. Tasu ta gida iri biyu ce: wata fara mai ƙamshi da laushi, wata kuma mai danƙo da ake turarawa a kwandon gora.

Shinkafa ta shiga jininsu har ta shiga gaisuwarsu. A yarensu in za a ce cin abinci sai a ce "kin khao", wato cin shinkafa. In Bahaushiya ta ji sai ta ɗauka cewa aka yi "kin kawo?" Kamar yadda mu za mu ce ya gajiya, su tambayar junansu suke yi ko an ci shinkafa tukuna.

To amma yau ba zancen buhu ya tara mu ba, zancen tukunya ne. A Bankok mutane da yawa ɗakin haya suke zaune, wani ɗakin ko wurin girki babu. Saboda haka da safe, da rana, da dare, a bakin titi suke sayen abinci, a ƙulla musu a leda ko su zauna a kan 'yar kujerar roba su ci. Mafi yawan masu wannan sana'a kuwa mata ne. Kowacce da kurarta, da kaskonta, da turminta, kuma galibi abinci ɗaya ko biyu kacal take yi. Mai taliya taliya ce kawai, mai gasa kaza kaza ce kawai. Haka za ta yi shekara ashirin tana abu guda har hannunta ya faɗa.

Ya aka yi abincin talakawa irin wannan ya zaga duniya? Da farko mutanen ƙasar ne suka fita neman abinci, suka tafi da girkinsu. Daga baya gwamnati ta farga cewa akwai arziki a ciki. A 2002 ta fito da wani shiri na ƙara yawan gidajen abincin Tailan a ƙasashen waje, lokacin suna kimanin 5,500. Aka horar da masu girki, aka buɗe hanyar rance, aka sauƙaƙa fitar da kayan miya. Ma'aikatar cinikinsu har tambari take bai wa gidan abincin da ta gamsu cewa girkinsa na asali ne. Kafin shekarar 2018 gidajen sun haura 15,000. Lissafinsu mai sauƙi ne: duk wanda ya ci ya ji daɗi zai sayi shinkafarsu da kayan miyarsu, wata rana ma ya yi sha'awar zuwa ganin ƙasar.

Ni inda na ci wannan abinci ba a Tailan ba ne, a Maleshiya ne, a birnin Kuala Lumpur, lokacin da na je dubo ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak. 'Ya'yanmu da dama suna karatu a can. A unguwannin birnin, da wuya ki yi tafiya mai tsawo ba ki ga shagon da aka rubuta "tomyam" a goshinsa ba. Masu irin waɗannan shaguna yawancinsu Musulmin kudancin Tailan ne, waɗanda suka fara tsallako iyaka da wannan sana'a tun wajen shekarun 1970. Yankinsu ba shi da ayyukan yi sosai, ga kuma rikicin da ya tsananta tun 2004, wanda ya ci rayuka fiye da 7,000. Don haka kuɗin miyar da ake sayarwa a Kuala Lumpur shi ke ciyar da tsofaffi, shi ke biyan kuɗin makarantar yara a ƙauyukan Pattani.

Shagon da muka je ɗan ƙarami ne a cikin unguwa, ba bango ta gaba, tebur bai fi goma ba. Bayan Magariba muka isa, muka tarar ma'aikata da ɗalibai da magidanta da iyalansu sun cika wurin. Murhun yana daga bakin ƙofa, kowa na ganin abin da ake zubawa a kasko. Matar da ke riƙe da wurin dattijuwa ce da ɗankwalinta, kowa "Kak" yake ce mata, wato Yaya. Da ƙanwata ta gaya mata abin da muke so, sai ta yi mana tambaya guda: irin na nan za a yi mana, ko irin na gida? Ashe miyar da suke yi wa mutanen Maleshiya ta fi ja, ta fi zaƙi. Ta gida kuwa tsami da yaji ne a gaba. Muka ce ta gida muke so.

Abin da aka fara kawowa shi ne tom yam ɗin. Romo ne, kamar farfesu amma ruwa-ruwa. Ana tafasa ruwa da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke jefawa a shayi, da wata saiwa 'yar uwar citta, da ganyen wani irin lemun tsami, da barkono, sannan a zuba jatan lande ko kaza. Ruwan lemun tsami kuwa sai an sauke tukunya ake matsa shi, don in ya tafasa ƙamshinsa gudu yake yi, ya bar ɗaci. Kurɓa ɗaya za ki yi ki ji hancinki ya buɗe. Wannan romo, irin na jatan lande, a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Romon da mata ke yi a bakin kogi, kin ji inda ya kai.

Sai taliyar da ake kira pad tai. Taliyar shinkafa ce, faffaɗa kaɗan, ana soya ta a kasko mai zurfi a kan wuta mai ƙarfi. In na lissafa miki abin da ke ciki za ki ce ai a kicin ɗinki aka kwaso: ruwan tsamiya, ƙwai, awara, soyayyar gyaɗa dakakkiya, barkono, da wani sukari mai kama da mazarƙwaila wanda ake samu daga ruwan wata bishiya 'yar uwar giginya ko daga kwakwa. Ita ma wannan taliya da tarihinta. A zamanin Firayim Minista Phibun, wanda ya hau mulki a 1938, gwamnati ta riƙa kwaɗaitar da jama'a cin taliya da sayar da ita, musamman da yaƙin duniya na biyu da ambaliyar 1942 suka sa shinkafa ta yi wuya. Abincin da aka yaɗa a lokacin ƙunci, yau shi ne aka fi sanin ƙasar da shi.

Na ukun shi ya fi tsaya mini a rai, don tun kafin a kawo shi na ji sautinsa. Daka na ji, irin dakan da kowace Bahaushiya ta sani. Sunansa som tam: "som" tsami, "tam" daka. In gajarce miki, kwaɗo ne, amma na ɗanyen gwanda. Asalinsa daga yankin Isan ne, arewa maso gabashin Tailan, yankin manoma da ake yi wa kallon na talakawa. Matan Isan da suka je Bankok aikatau da ƙwadago su suka kai shi birni. A ɗan turmin yumɓu ake yin sa da taɓaryar katako, hannu ɗaya na daka, ɗaya na juyawa da cokali, kuma kwano ɗaya ake yi a lokaci guda. Ba a yin sa da yawa a ajiye. Mutanen Isan da shinkafa mai danƙo suke cin sa, a gutsura da hannu, a mulmula loma, a dangwala, kamar dai yadda muke yi da tuwo.

Akwai abu guda da ke cikin duk waɗannan ukun, wato ruwan kifi, wanda suke kira nam pla. Ƙananan kifaye ake jerawa da gishiri a manyan randuna ko rijiyoyin siminti, a rufe su shekara guda ko fiye, sannan a tace ruwan. In kin shinshina kwalbar za ki kau da kai. To amma uwargida, baƙon da ya fara shinshina daddawarmu me zai yi? Aikinsu ɗaya ne. A waje wari, a cikin miya daɗi.

Sirrin girkinsu shi ne daidaita ɗanɗano huɗu: tsami, gishiri, zaƙi da yaji. Kowanne a ji shi, kada wani ya danne wani. Shi ya sa mai girkin ba ta rabuwa da cokalin ɗanɗano. Na lura da Kak, duk kwanon da za ta sallama sai ta ɗiga romonsa a wani ɗan cokali ta taɓa a harshe. A shagunan taliya na Tailan ma za ki tarar da 'yan kwanoni huɗu a kan tebur, na sukari, na garin barkono, na ruwan tsami, da na ruwan kifi, kowa ya gyara daidai bakinsa.

Kafin mu tashi, na sa ƙanwata ta tambayar mini ita, tun da tana sauya girki don mutanen gari, me ya rage na asali ke nan? Amsar da ta bayar ita ce dalilin da ya sa na kawo muku wannan hira. Ta nuna cewa yaji tana iya ragewa, zaƙi tana iya ƙarawa, wannan bakin mai saye ne. Amma abu uku ba ta taɓawa ko da kaya sun yi tsada: lemun tsami sai sabo, ba na kwalba ba, kwaɗon gwanda sai a turmi, ba a inji ba, kuma ba ta ɗumama na jiya ta sayar a matsayin na yau. In lemo ya yi tsada gara ta ƙara kuɗi ta gaya wa mai saye dalili.

A nan bari in ja hankali kan halal, don na san a cikin masu saurare akwai waɗanda mazajensu ke zuwa Bankok sarin kaya, akwai masu 'ya'ya a Landan ko Amurka. Shagon da na ba ku labari na Musulmi ne, don haka hankali kwance. Amma yawancin gidajen abincin Tailan a duniya ba na Musulmi ba ne, kuma naman alade yana da yawa a girkinsu, wani lokaci har a romon da aka dafa taliya ko man da aka yi suya. Ba ya isa a ce ai kaza na saya. A tambaya. A yarensu alade "mu" ne, kaza "kai", kifi "pla". In an ce "mai kin mu", an ce ba na cin alade ke nan. A cikin Tailan kanta akwai Majalisar Musulunci ta ƙasa da ke sa tambarin halal a jikin kayan abinci, a nemi wannan tambarin. Kuma Musulmin ƙasar suna da nasu girkin da ya yi suna, kamar dafa-dukan shinkafa da kaza mai kurkum da suke kira khao mok kai, da miyar massaman mai madarar kwakwa da dankali da gyaɗa da kirfa da kanumfari. Masana na danganta sunan massaman ɗin ma da kalmar Musulmi.

Yanzu bari in ba ku labarin wata tsohuwa a Bankok da ake kira Jay Fai. Ɗinki ta fara yi, gobara ta cinye mata kayan sana'a, sai ta koma girki a wani ɗan shago a bakin titi. A kan gawayi take girki, ta sa wani ƙaton tabarau don kare idonta daga tartsatsin mai, kuma kowane kwano da hannunta take yi. A ƙarshen 2017, tana da shekara fiye da 70, littafin Michelin na ƙasar Faransa, wanda ke tantance gidajen abinci mafi inganci a duniya, ya ba ta tauraro. Irin wannan tauraro manyan gidajen abinci masu ƙyalƙyali ke fafutukar samu. Daga nan mutane suka riƙa zuwa daga ƙasashe daban-daban suna bin layi na sa'o'i a ƙofar shagonta. Ita ba ta je ko'ina ba, duniya ce ta zo ta same ta.

To uwargida, ke da kike suyar ƙosai da asuba, ke mai ɗanwake, mai waina, mai alala, mai dambu, mai awara, kin ga kanki a cikin wannan labari? Sau da yawa mukan raina abin da ke hannunmu, mu ce ai 'yar sana'ar cikin gida ce ta rage zafi. Matan Isan ma ba da wani babban jari suka fara ba, turmi ne da gwanda. Abin da ya ɗaga su shi ne riƙe abu ɗaya a iya shi sosai, da tsafta da mai saye zai gani da idonsa, da kuma ƙin ha'inci in kaya sun yi tsada. Mu duba tsakaninmu da Allah. In wake ya hau, ƙulli nawa ake tsinkawa da ruwa? Man suya kwana nawa yake yi a kasko har ya koma baƙi? Mai saye ba zai yi miki magana ba, ƙafa kawai zai ɗauke. In tsada ta zo, ki rage girma ko ki ƙara kuɗi, amma ki bar ɗanɗanon yadda aka san shi.

Akwai kuma wata riba da ta fi kuɗi. Abinci in ya yi suna, shi ke kiran mai saye har ƙofar gida. Duk unguwa akwai gidan da ake cewa je ka gidan wance ka sayo, kuma kafin hantsi an sayar an wanke kasko. Matar wannan gida ba ta buƙatar ɗora wa 'yarta tire ta bi tasha da gareji har dare. Yanzu ma ga waya, daga ɗakinki za a kira ki ko a turo saƙo ta WhatsApp a ce a ajiye na ɗari biyar. Duk ranar da girkinki ya isa ya jawo mutane da kansa, ranar 'yarki ta samu damar zama a aji. Mun san halin da ake ciki, ba wadda ke ɗora wa ɗiyarta talla don jin daɗi. Amma gyaran hannu hanya ce, kuma tana cikin ikonki.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, ga yadda za ki gwada kwaɗon gwandar nan da kayan da ke kusa da ke. Ki samu ɗanyen gwanda, kore shar, mai tauri. Ki fere shi, ki wanke ƙaron da ruwa mai tsafta, ki cire 'ya'yan, ki goga rabinsa a abin goga kuɓewa ta ɓangaren manyan ƙofofi, ya fito sirara-sirara. Ki jiƙa a ruwan sanyi kamar minti 10, ki tsane. A ƙaramin turminki ki jefa tafarnuwa ƙwaya 2 da attarugu 1, ki ɗan daddaka sama-sama. Ki sa mazarƙwaila cokali 1, da dakakken busasshen jatan lande cokali 1, da gishiri kaɗan a madadin ruwan kifi, ki matse lemun tsami 2. Ki yanka tumatir 2 ki zuba, ki ɗan danna su ruwansu ya fito. Sai ki kawo gwandar, kina ɗan bugawa a hankali kina juyawa da cokali. Ba kirɓa shi za ki yi ba, so ake ruwan ya ratsa shi amma yana nan da garas-garas ɗinsa. Ki ɗanɗana. In tsami ya yi yawa ki ƙara mazarƙwaila, in zaƙi ya yi yawa ki ƙara lemo. Daga ƙarshe ki barbaɗa soyayyar gyaɗa cokali 2 da kika ɗan farfasa. A ci nan take, da shinkafa fara ko gasasshiyar kaza.

Gargaɗi biyu. Mai juna biyu ta haƙura da ɗanyen gwanda, don masana lafiya na shawartar a guje shi saboda ƙaron da ke jikinsa. Ta yi nata da karas ko kokwamba, shi ma yana daɗi. Mai gyambon ciki kuma ta rage yaji da tsami. Sannan tun da ba dafa shi ake yi ba, a wanke hannu da sabulu, a wanke turmi da wuƙa sosai.

Wadda ta gwada ta aiko mana da labarin yadda maigida da yara suka karɓe shi. Masu sana'ar abinci a cikin gida kuma muna son jin ta bakinku: wane abu ne ke ba kya taɓawa a girkinki komai tsadar kasuwa? Za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba in Allah Ya yarda.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu halal komai ƙanƙantarta, Ya shirya mana zuri'a. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.